Golan Belbeji a Gidan Mahauci

A kolejin Tanout, a wancan zamanin, ƙungiyoyin ƙwallo huɗu ne, kuma ba malamai suka kafa su ba. Ɗalibai ne suka rarrabu da kansu, kowa ya bi ƴan garinsu. Akwai ƴan Gari, wato haifaffun Tanout, akwai ƴan Belbeji, da ƴan Falanko, da ƴan Gangara. Yaron ƙauye in ya ci jarrabawar shiga kolej, Tanout ake kawo shi, a nema masa gidan da zai sauka. Mai gida ya ba shi wurin kwana, ya sa hannu a kwanon gidan, iyayensa kuma in an yi girbi su aiko da hatsi ko ɗan akuya. Haka aka saba.

Alhamis da Lahadi da la'asar ake wasa, a filin da ke bayan kalas-kalas. Mushe Idrisa, malamin motsa jiki, shi ke riƙe usur (a kolej "Mushe" ake ce wa malami). Ƙungiyar da ta fi maki a ƙarshen shekara ita ke ɗaukar kup, wani ɗan kofin ƙarfe da ke zaune bisa kabad a biron darakta, wato ofishin shugaban kolejin. Kofin bai kai a yi faɗa a kansa ba, amma an sha yi.

Attahir ɗan Manzo mahauci shi ne kaftin ɗin ƴan Gari, kuma shi ne mai ci musu ƙwallo. Mutum ɗaya ne ya tsaya masa a wuya a duk kolejin: Rissa, golan ƴan Belbeji kuma kaftin ɗinsu, wani dogon ɗan makiyaya da ba ya yawan magana. A wasan ƙarshe na shekarar da ta wuce an ba ƴan Gari penalti, Attahir ya buga, Rissa ya cafe. Maimakon ya jefa wa ƴan wasansa, sai ya tako har gaban Attahir ya miƙa masa ƙwallon, ya ce, "Sake gwadawa, ɗazu ban shirya ba." Filin duka ya fashe da dariya. Ƴan Belbeji suka tafi da kup. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su ba, duk da kalas ɗinsu ɗaya.

Sai damina ta 1984 ta ƙi. Hatsi ya tsiro ya ƙone a tsaye, ciyawa ba ta fito ba. An koma kolej a kan lokaci, an kuma fara gasa kamar kullum, amma ba a yi nisa ba abubuwa suka fara canzawa. Wata Lahadi ƴan Gangara suka fito fili su bakwai. Mushe Idrisa ya jira, ya duba hanya, ya hura usur ya ce ƴan Gari sun ci ba tare da an buga ba. Ila, wanda ke tsaron baya a ƙungiyar Attahir, ya yi ta tsalle yana cewa bana kup ya dawo gida. Alhamis ta zagayo, ƴan Falanko ma suka kasa cika fili. Aka sake ba ƴan Gari.

Ranar ce Mushe Idrisa ya kira Attahir gefe.

"Darakta ya ce in abin ya ci gaba haka, a rufe gasar bana," in ji shi. "A ba ku kup ɗin, kowa ya huta."

"Ba tare da mun kara da Belbeji ba, Mushe?"

"Su ma saura kaɗan su watse. Ba ka duba bencin bayanka a kalas?"

Attahir ya tuna da bencin. Ya lura ana raguwa, amma ya ɗauka irin fashin nan ne na farkon shekara. Ya tsaya a fili bayan kowa ya tafi, da takalminsa a hannu, ko zufa bai yi ba. Jibrin, kaftin ɗin ƴan Falanko, yana zaune a gindin itacen bedin da ke bakin fili yana cire ƙaya daga ƙafarsa. Attahir ya ƙarasa wurinsa.

"Jibrin, me ya sami mutanenka? Tsoronmu suke ji?"

Jibrin ya ɗago ya dube shi, kallon da ya sa Attahir ya yi nadamar tsokanar da ya yi.

"Kai da gaske ba ka sani ba? Gidajenku ne suka sallame mu. Ba a aiko da ko tiya ɗaya ta hatsi daga gida ba bana, don babu. Mai gida ya yi haƙuri, ya yi haƙuri, ran nan sai ya kira ka ya ce yaro ka ga halin da ake ciki. Ba na ganin laifinsu. Amma kada ka zo ka tambaye ni tsoro. Yara biyu na ƙungiyata a gidan su Ila suke zaune, makon jiya suka hau mota."

"Kai fa?"

"Ni mai gidana bai ce komai ba tukuna. Sai dai matarsa ta daina kallon idona in ta miƙo kwano."

Attahir ya zauna kusa da shi. Daga baya ya ce, "In muka tara kaftin huɗu gobe a nan, za ka zo?"

"In zo in ji me?"

"Ni ma ban sani ba tukuna. Ka dai zo."

Washegari bayan an tashi daga kalas suka haɗu a gindin bedin, su huɗu, da Mushe Idrisa da ya ce shi sauraro kawai ya zo yi. Rissa ya zauna nesa kaɗan, ya naɗe ƙafafu, yana zane a ƙasa da tsinke. Da farko gardama aka yi. Kaftin ɗin Gangara ya ce a soke wasannin da aka ba ƴan Gari a banza. Attahir ya ji abin ya sosa masa rai, amma ya ce ya yarda. Wannan ya sa sauran suka sassauto. Jibrin ya kawo shawarar a rage ƴan wasa zuwa tara-tara, a kuma rage tsawon wasa, don mai yunwa ba ya iya gudu kamar da. Aka yarda. Aka kuma yarda ƙungiyar da ta rasa mutum ta ari ɗan wasa daga wadda ba ta da wasa a ranar.

"Duk wannan gyaran fili ne," in ji Jibrin. "In mutane suka ci gaba da tafiya, ko biyar-biyar kuka mai da shi zai mutu."

Nan Attahir ya faɗi abin da ya kwana da shi a rai. Ya ce kowane ɗan ƙungiyar Gari ya je gida ya roƙi a karɓi ɗalibi ɗaya daga cikin waɗanda aka sallama ko ake shirin sallama. Gidan da ba zai iya kwana da ci ba, ya ɗauki ci sau ɗaya a yini. Kuma ba ƴan ƙwallo kaɗai ba, duk wanda ya rasa masauki.

Mushe Idrisa ya gyara zama ya ce shi zai fara, zai ɗauki biyu. Kaftin ɗin Gangara da Jibrin suka faɗi waɗanda abin ya fi matsa wa a cikin mutanensu. Da aka zo kan Rissa, ya faɗi sunan yara uku na Belbeji.

"Kai fa?" in ji Mushe.

"Ni lafiya lau nake, Mushe."

Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya tafi. Sai da ya yi nisa Jibrin ya ce, "Ƙarya yake. Mai gidansa ya kwashe iyalinsa sun yi kudu tun kwanaki. Shi kaɗai ke cikin gidan, ko tukunya ba su bar masa ba. Iyayensa kuma sun bi dabbobi, ba wanda ya san inda suka nufa. Ya gaya wa wani yaronsu ranar kasuwa zai hau mota ya je nemansu."

Ranar kasuwa kuwa jibi ce.

Ƴan Gari ba su karɓi maganar da daɗi ba. Ila ya ce wato su ciyar da mutanen da za su zo su ci su a fili. Attahir ya ce masa, "In suka tafi, da wa za ka yi wasa? Da garun kalas?" Wasu suka yi dariya, wasu suka ce za su gwada, amma ba su yi alkawari ba. Da aka zo rabon wa zai ɗauki wa, ba wanda ya ambaci Rissa. Duk suka juyo suna kallon Attahir, shi kuma ya san ba shi da hanyar zillewa, tunda shi ya kawo maganar.

Ya sami babansa a bayan gida yana shanya nama bisa igiya. Shekarar nan nama ya yi yawa har ya rasa mai saye, don makiyaya na ta kawo shanun da suka kasa tafiya. Hatsi ne ya gagari kowa. Manzo ya saurari ɗansa har ya gama, bai daina aikinsa ba.

"Ɗan wa ye?"

"Ban san sunan babansa ba, Baba. Makiyaya ne, daga arewacin Belbeji."

"Abokinka ne?"

Attahir ya sunkuyar da kai. "A'a. Shi ne wanda ya ba ni kunya a fili bara."

Manzo ya tsaya, ya dube shi, ya yi ƴar dariya ta hanci. "Au, mai 'sake gwadawa'? Har kasuwa labarin ya zo." Ya rataya wani yankin nama. "Nama dai ga shi, ba zan hana shi ba. Amma mutum ba ya rayuwa da nama kaɗai. Je ka wurin uwarka, ita ta san abin da ya rage a rumbu."

Inna Salamatu na tankaɗe a tsakar gida, jar dawar nan ta taimako da ake rabawa, an gauraya ta da ɗan hatsin da ya saura. Attahir ya durƙusa ya sake maimaita bayani, yana ta kawo zancen gasa da kup da darakta. Ta katse shi.

"Ni ƙwallonku bai dame ni ba. Yaron nan yaushe rabonsa da tuwo?"

"Ban sani ba, Inna."

"Kalas ɗinku ɗaya ba ka sani ba." Ta buga rariya a tafin hannunta. "Ka ga abin da ke cikin ƙwaryar nan? Ba zai ƙaru don ya zo ba. Naka zai ragu, na ƙannenka zai ragu. In ka yarda da wannan, kada in ji ƙorafi daga baya, to ka kawo shi."

"Na yarda, Inna."

"Ka share ɗakinka. Tabarmar baƙi na bayan ƙofa."

Attahir ya fito yana jin kamar an sauke masa dutse daga kai. Ya ɗauka mai wuyar ya wuce. Amma washegari Rissa bai zo kalas ba. Attahir ya je gidan da yake zaune ya yi ta sallama, ba amsa, ƙofar zaure a ja. Maƙwabta suka ce tun safe ya fita.

Ranar kasuwa da safe Attahir ya wuce tasha. Ya tarar da babbar motar da ke zuwa kudu ta riga ta ɗaga, tana fita gari, mutane maƙil a bisa kaya. Ya bi ta da gudu yana kiran sunan Rissa, yana duba fuskokin da ke sama, har numfashinsa ya ƙare. Motar ta yi nisa. Ya tsaya ya dafa gwiwoyinsa. Abin da ya fi damunsa ba gasar ba ce a lokacin. Tunanin yadda zai koma ya gaya wa Inna ya yi latti yake.

Ya juyo yana jan ƙafa. Da ya zo daidai rumfar mai shayi, sai ya ga mutum zaune a inuwar garu, da ƙullin kaya a gabansa, dogayen ƙafafu a miƙe. Rissa ne.

Attahir bai san lokacin da ya ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi ba. Ya zube kusa da shi yana haki.

"Na ga kana bin mota," in ji Rissa. "Da haka kake gudu a fili da kun ci mu bara."

"Na ɗauka kana ciki."

"Na hau. Yaron mota ya tambaye ni ina zan sauka." Ya dubi ƙullinsa. "Na rasa abin da zan ce masa. Kudu dai aka ce sun yi. Kudu kuwa da faɗi. Sai na sauko."

Attahir ya bari numfashinsa ya daidaita, sannan ya ce, "Innata ta ce ka zo gidanmu."

"Ba na bara."

"Ba wanda ya ce kana yi."

"To me ye sunansa? Ku da kuke ƙoshi ku tattara mu kamar marayun awaki, don ku sami wanda za ku buga wa ƙwallo."

Maganar ta yi wa Attahir zafi, don akwai gaskiya a cikinta. Ya ce, "Da farko don ƙwallon ne, ba zan ɓoye maka ba. In ka tafi, yaran Belbeji za su bi ka, a miƙo mini kofin nan ban buga da kai ba, kuma har in mutu ana cewa sai da ka tafi na samu. Amma Inna ta ce ita ƙwallo bai dame ta ba. Kuma ba ma ƙoshi, kada ka sa rai. Jar dawa ce."

Rissa ya kawar da kai. Suna nan zaune sai ga Manzo ya fito daga wajen kasuwar dabbobi, yana jan wata saniya da ƙashin haƙarƙarinta duk a waje. Ya gan su ya tsaya. Ya ƙare wa Rissa kallo, daga fuska har ƙafa.

"Kai, yaro. Ba ɗan Sidi ba ne kai? Sidi mai jan raƙumi, da ke sauka a rijiyar arewa da Belbeji?"

Rissa ya miƙe da sauri ya rusuna. "Ni ne, Baba."

"Ai ga goshin nan. Shekara nawa ina sayen ragunan layya a hannun ubanka. In na je wurinsu sai na sha nono har in kasa tashi." Ya juya ga Attahir. "Shi ne ba ka san sunan babansa ba? Ɗauki kayansa." Sannan ya ce wa Rissa, "Dillalan dabbobi duk kasuwar kudu suna zuwa, kuma duk sun san ni. Zan sa a yi mini cigiyar Sidi. In labari zai zo, wurina zai fara zuwa. Ka zauna inda zai same ka."

Bai jira amsa ba, ya ja saniyarsa ya wuce. Rissa ya tsaya yana kallon bayansa. Da Attahir ya sunkuya ya ɗauki ƙullin, bai hana shi ba.

Kwanakin farko sun yi nauyi. Ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, amma maganarsu ba ta wuce ta dole ba. Rissa kan ci tuwo loma kaɗan ya janye hannu, nama kuwa ko taɓawa ba ya yi. Inna Salamatu ta lura. Wata rana ta tsare shi a bakin madafa.

"Rissa, naman gidan nan haram ne?"

"A'a, Inna." Ya dubi ƙasa. "In na gan shi, shanunmu nake gani. Irin su ne ake kawowa."

Ta koma kan girkinta. Amma daga ranar, in ta dama kunu da safe, nasa kofin ya fi na kowa cika, kuma in ya janye hannu daga tuwo sai ta ce, "Ban ɗauke kwano ba tukuna," ta tsaya a kansa har ya ƙara. Shi kuma ya karɓe ɗebo ruwa daga hannun ƙannen Attahir ba tare da an sa shi ba, ya kuma gyara turken awakin gidan da ya daɗe da karyewa.

A sauran gidaje abin ya zo iri-iri. Wasu sun karɓa da hannu biyu, wasu sun ce Allah ya sani ba za su iya ba. Baban Ila ya ƙi da farko, daga baya da ya ji gidan mahauci sun ɗauka, ya aika aka dawo da ɗaya daga cikin yaran Falanko da suka tafi. Ila da kansa ya je tasha tarbarsa. Ba duka aka ceto ba, akwai waɗanda suka tafi ba su dawo ba har yau. Amma tafiyar ta tsaya. Da darakta ya ga haka, ya bar zancen rufe gasa. Ya kuma nemo wa ɗaliban aikin sauke buhunan taimako in mota ta zo, ƙungiyoyin huɗu a haɗe, a ba su ɗan abin da za a raba wa gidajen da suka karɓi baƙi.

Aka dawo wasa, tara-tara. Ba wasan da aka saba ba ne. Gudu ya ragu, ana yawan tsayawa shan ruwa, wani lokaci ka ga ɗan Gangara sanye da rigar Falanko don an aro shi. Amma mutanen gari suka fara zuwa kallo fiye da da, don yanzu kusan kowane gida na da yaro a ƙungiya biyu. Mata ma kan tsaya daga nesa da tulunansu.

Ranar da ƴan Gari za su kara da ƴan Belbeji, Attahir da Rissa daga ɗaki ɗaya suka fito, kowa da rigarsa. Ƙannen Attahir suka rabu biyu, suna gardama a tsakar gida. Inna ta ce duk wanda ya dawo mata da ɗan'uwansa da rauni, a waje zai ci tuwo. An tashi wasan ba wanda ya ci wani. Attahir ya kai hari iya ƙarfinsa, Rissa ya tare duka, amma wannan karon duk wanda ya kama sai ya jefa wa mutanensa, bai ce uffan ba. Da aka hura usur suka dawo gida tare, suna musu a kan wata ƙwallo da Attahir ya rantse ta wuce layi. Musun bai ƙare ba har aka kawo abinci. A ƙarshen shekara ba ɗayansu da ya ɗauki kup. Ƴan Falanko ne suka ɗauka, su da aka ɗauka sun mutu tun farko, Jibrin ya zagaya kasuwa da kofin a ka.

Amma kafin nan, wata ranar kasuwa da azahar, Manzo ya shigo gida da wuri, abin da bai saba ba. Tare da shi akwai wani dillali mai rawani, da ƙurar hanya a ƙafafunsa. Su Attahir suna gida, don Lahadi ce. Manzo ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ina Rissa?"

Rissa ya fito daga ɗaki. Da ya ga baƙon, fuskarsa ta canza, ya kama bakin ƙofa.

"Kwantar da hankalinka, alheri ne," in ji Manzo da sauri. "Malam, gaya masa yadda ka gaya mini."

Dillalin ya ce ya ga Sidi da idonsa a wata kasuwa kudu da Damagaram, sun gaisa, har sun sha shayi tare. Shanun sun ƙare, sai ƴan kaɗan. Amma raƙuma biyu na nan, da awaki. Sun sami wani manomi ya bar su sun sauka a gonarsa.

"Mutane fa?" in ji Rissa. "Innata? Da ƙanwata Fadimata? Ba ta da lafiya da suka tafi."

"Duk suna nan. Yarinyar ita ta kawo mana wutar shayin ma. Ubanka ya yi ta tambaya ko kana Tanout. Da na ce masa Manzo ne ke cigiyarsa, kana gidansa, sai ya ɗaga hannu sama, ya daɗe bai sauke ba. Ya ce a gaya maka ka zauna ka yi karatunka, in ruwa ya sauka za su hauro."

Rissa ya zame ya zauna a dokin ƙofa. Ya rufe fuskarsa da hannuwansa, kafaɗunsa na motsi. Ba wanda ya matsa kusa da shi. Inna Salamatu ta share idonta da bakin zane, ta ce wa yara su ba mutane wuri, ta shiga madafa ta kawo wa baƙo ruwa.

Ranar Rissa ya cinye rabonsa na tuwo tas, har ya sa hannu ya ɗauki tsokar nama ɗaya. Bayan an yi sallah ya ja tabarma zuwa inuwar rumfa ya ce zai ɗan miƙe kafin lokacin fili. Nan take barci ya ɗauke shi, baki a buɗe, hannu ɗaya a ƙasa, kaji na ta yawo a gefensa bai sani ba. Sai a lokacin Attahir ya tuna, duk zamansu a ɗaki ɗaya, shi ke fara barci, in ya farka kuma ya tarar da Rissa zaune.

La'asar ta yi, Attahir ya ɗauko takalminsa, ya nufi rumfar zai tashe shi, don ƴan Belbeji na da wasa da Gangara.

"Kada ka taɓa shi," in ji Inna daga bakin madafa.

"Inna, ba su da wani gola."

"To kai me kake yi yau?"

Attahir ya tsaya, ya dubi mai barcin, ya dubi uwarsa. Ƴan Gari ba su da wasa ranar. Ya shiga ɗaki ya ɗauko rigar Rissa daga kan igiya, ya sa. Hannuwan rigar sun yi masa tsawo, ya naɗe su, ya fita a hankali don kada ƙofar zaure ta yi ƙara.